Gano Matsala Kafin Sayen Kayan Gyara: Misalin Motar Mazda MX-5

A wannan darasi za ku karanta bayani a kan wata ƙaramar motar ƙawa mai gudu, mai kujeru biyu da rufin da ake naɗewa. Sunanta Mazda MX-5. An fara nuna ta ga jama'a a birnin Cikago na Amurka a shekarar 1989, kuma a Hiroshima ta ƙasar Japan ake ƙera ta. Zuwa shekarar 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya. Samfurin farko ya haura shekara 30 a yanzu, don haka mai shi ba ya rabuwa da gareji. Darasin da za ku ɗauka daga gyaranta ya shafi kowace irin mota: sai an san ciwo ake sayen magani.

Da farko ku saurara. Idan kun murɗa makulli kuka ji ƙas-ƙas amma injin bai juya ba, ku fara zargin batir ko kan wayoyinsa. Kada ku neme shi a gaba, domin a samfurin farko batirin yana cikin but ne. Idan kuwa injin yana juyawa amma ya ƙi tashi, to ɗaya daga cikin abubuwa uku ya ɓace: fetur da iska, ko tartsatsin wuta daga filogi, ko matsi a cikin silinda. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ku fara da mai sauƙin dubawa.

Na biyu, ku duba hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ya fi iska yawa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa alama ce ta ruwa yana shiga silinda, galibi saboda gasket ya ƙone. Abin da ya fi ƙona gasket shi ne zafin inji. Saman lagireton wannan mota na roba ne, baƙi. Idan ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa kuma yana iya fashewa. Canza lagireto ya fi sake inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da wurin da makanike ke jona kwamfuta ya karanta lambar matsala. Sai dai lambar tana nuna inda za a bincika ne kawai. Wani lokaci waya ce ta tsinke, alhali na'urar da ake shirin sauyawa lafiyarta ƙalau.

Bayan an gano matsala sai neman kaya. A nan ma akwai tarko. Ana kiran motar Miata a Amurka, a Japan kuwa an fara sayar da ita da sunan Eunos Roadster. Akwai mai inji lita 1.6, akwai mai 1.8. Sitiyarin ta Japan da ta Ingila yana dama, na ta Amurka yana hagu, kamar yadda ake amfani da shi a Nijeriya tun da aka sauya hannun tuƙi a 1972. Saboda haka kada ku sayi kaya don kawai ya yi kama da naku. Ku rubuta lambar shasi da lambar da ke jikin tsohon kayan, ku kuma riƙe shi ku tafi da shi kasuwa.

Kayan gyara iri uku ne: na kamfanin da ya ƙera motar, da sabo na wani kamfanin, da na gwanjo irin wanda ake samu a kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas. Ƙofa ko madubi ko fitila na gwanjo ba laifi. Amma takalmin burki, da taya, da bel ɗin inji, ku sayi sababbi daga wurin amintaccen ɗan kasuwa. Araha ba ta ado, kuma burkin da ya ƙi kamawa rai yake ɗauka.

Tambayoyi
1. Me shuɗin hayaƙi yake nunawa?
2. Don me ake tafiya kasuwa da tsohon kaya?
3. Waɗanne kaya ne bai kamata a saya na gwanjo ba?