Injin Ɗaga Ma'aikata Sama: Me Ke Jawo Haɗurransa a Wuraren Gini?

A Amurka, da wuya a ga babban gini yana tashi babu injin nan mai kwando da ke ɗaga mai fenti, mai walda ko mai haɗa wutar lantarki zuwa sama. 'Yan kwangila sun rungume shi saboda ya fi tsani sauri, ya kuma fi shi aminci idan an bi ƙa'ida. Sai dai yawaitarsa ta zo da nata salon haɗarin.

Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a ƙasar ta ce daga 2011 zuwa 2014 mutum 1,380 ne suka ji rauni a bakin aiki da irin waɗannan injuna, 87 suka rasu. Fiye da rabin mamatan faɗowa suka yi.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Injin na tafiya da hannunsa a miƙe, sai taya guda ta faɗa ɗan rami. Girgizar da ba ta taka kara ta karya ba a ƙasa, kafin ta isa kwando ta zama wurgi, wanda bai ɗaura igiyar kariya ba sai dai a tsince shi a ƙasa. Wani kuma hankalinsa na kan aiki har kwandon ya matse shi da ƙarfen rufi, ko ya kusanci wayar lantarki, alhali hukumar OSHA mai kula da tsaron ma'aikata ta ce a bar tazarar aƙalla mita 3.

Iska ma ba ta da wasa. Yawancin injunan da ke miƙewa tsaye ba a yi su don iskar da ta kai gudun kilomita 45 a sa'a ba. A Oktoban 2010, iska mai gudun fiye da kilomita 80 a sa'a ta kifar da ɗaya a Jami'ar Notre Dame, ɗalibi ɗan shekara 20 da ke ɗaukar bidiyon atisayen ƙwallo ya rasu.

Tushen matsalar shi ne, injin ba shi da wuyar tuƙi, kuma galibi hayarsa ake yi. Sai a miƙa wa ma'aikaci makulli ba horo, ga gaggawar kammala kwangila. Sakamakon kuwa karaya, shanyewar jiki, iyali ba mai ciyarwa, kamfani kuma ga tara ga diyya.

Shi ya sa ƙa'idojin ANSI, cibiyar tsara ƙa'idoji ta Amurka, da suka fara aiki a 2020 suka wajabta duba wurin aiki kafin a hau, da horar da mai tuƙi har da mai sa ido a kansa. Alhakin ya fi rataya a wuyan ɗan kwangilar da ya ba da makullin.