Masu Sa Kai a Gashaka-Gumti

Daga Jalingo, in ka bi ta Bali ka isa Serti, ka zo bakin Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, wanda aka kafa a 1991. A Amurka, tun 1970 doka ta ba jama'a damar yi wa gandun daji aikin sa kai. Mu nan ta hanyar bincike abin ya shigo: a 2000 Farfesa Volker Sommer ya fara nazarin birai a Gashaka, ɗalibai daga Turai da Najeriya suna kwana a sansanin Kwano. Mutanen ƙauyuka, masu sanin sawun dabbobi, su ke ja gaba. Ina so in ga ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba a dajin nan lokacin hutu.