Wat 30 ko wat 120? Abin da ke raba manyan amfilifaya biyu

Kamfanin Luxman na ƙasar Japan, wanda tarihinsa ya faro a birnin Osaka tun 1925, ya taɓa jera amfilifaya biyu a kasuwa lokaci guda, kuma har yau masu sha'awar kayan sauti suna musu a kansu. Ɗaya shi ne L-590AXII, ɗayan kuma L-509X. Girmansu kusan ɗaya, kowanne nauyinsa ya kusa kilo 30, farashinsu dubban daloli ne kuma ba su yi wa juna nisa ba. Amma na farkon an rubuta masa wat 30 a kowane ɓangare, na biyun kuwa wat 120. Wanda ya ga wannan zai ce ai magana ta ƙare, wa zai biya kuɗi kusan ɗaya ya ɗauki rubu'in ƙarfi? To, ba nan gizo ke saƙa ba.

Mu fara da abin da na'urar take yi. Sautin da ke fitowa daga waya, ko na'urar CD, ko garmaho, sigina ce ta lantarki mai rauni, ba ta da ƙarfin da za ta motsa lasifika. Aiki biyu ake buƙata: a zaɓi inda sautin zai fito a daidaita yawansa, sannan a ƙara masa ƙarfi. Akwai masu sayen akwati biyu, kowanne da aikinsa. Idan aka haɗa ayyukan biyu a akwati ɗaya, shi ne ake kira haɗaɗɗen amfilifaya, kuma irinsa ne waɗannan biyun.

Kunne ba ya ƙirga wat

Ana auna ƙarar sauti da desibel, kuma ma'aunin ba ya tafiya kamar mudu. Duk lokacin da ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal kake samu. Kafin yawancin mutane su ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato sai an ninka wat sau goma. Daga wat 30 zuwa 120 ninki huɗu ne, desibel 6 ke nan. Bambanci ne da za ka ji, amma bai kai ma ninki biyu a kunne ba.

Yanzu ɗauki lasifika wadda idan aka ba ta wat 1 take ba da desibel 88 a tazarar mita ɗaya, wanda shi ne matsakaici a lasifikun gida. Wat 2 zai ba da 91, wat 4 ya ba da 94, haka dai har wat 30 ya kai kusan 103, wat 120 kuma kusan 109. Idan ka ja baya ka zauna a kujera mita uku daga wurin, ƙarar za ta ragu, sai dai bango yana dawo da wani kaso, kuma lasifikun biyu ne. Mutumin da ke sauraro a falo da desibel 75 zuwa 80, mafi yawan lokaci ko wat ɗaya bai cika ci ba. Injiniyan nan na Amurka, Nelson Pass, saboda wannan ne ma ya raɗa wa wani kamfaninsa suna First Watt, ma'ana wat na farko.

To ina amfanin sauran? Kiɗa ba ya tafiya bai ɗaya. Bugun ganga ko tashin murya na iya haura matsakaicin ƙarar da desibel 15 ko 20 na ɗan ƙiftawar ido, kuma desibel 20 na nufin ninki ɗari na wat. Idan amfilifaya ya kai maƙurarsa a wannan lokacin, sai ya datse kan siginar. Sautin ya yi kaushi, kuma idan abin ya daɗe yana iya ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti.

Saboda haka amsar tana wurin lasifika. KEF LS50, ƙaramar lasifika ce ta Ingila da ta yi suna, an rubuta mata desibel 85. Klipsch Cornwall ta Amurka, ƙatuwa, kamfanin ya rubuta mata 102. Tazarar desibel 17 ke nan, wato abin da Cornwall za ta yi da wat 1, sai LS50 ta sha wat 50. Ko da an rage wani abu daga alƙaluman kamfani, domin sukan yi wa kansu sassauci, tazarar tana nan. Mai Cornwall ba zai taɓa ganin ƙarshen wat 30 ba sai dai kunnensa ya gaji. Mai LS50 a babban falo kuwa, idan yana son ƙara, wat 120 zai fi ba shi kwanciyar hankali.

Akwai kuma turjiyar lasifika, wadda ake aunawa da om. Lambar da ke bayan akwatin, 8 ko 4, kintace ce kawai, domin turjiyar tana hawa da sauka gwargwadon kauri ko sirantar sautin. Ita LS50 ɗin, 8 aka rubuta, amma takan sauka har 3.2. Idan turjiya ta ragu da rabi, wutar da lasifika ke zuƙa takan ninka, kuma a nan ake gane amfilifayan da taransfomarsa ke da ƙwari. L-590AXII yana tashi daga wat 30 zuwa 60 a om 4, L-509X kuma daga 120 zuwa 220. Duka biyun sun ci wannan jarrabawa.

Me ya sa ɗaya ya tsaya a 30?

Siginar sauti tana lilo ne, sama da ƙasa. A yawancin amfilifaya, rukunin tiransisto ɗaya yana turawa, ɗaya yana ja. Matsalar tana wurin miƙa aiki. Tiransisto ba ya fara wuce da wuta sai an ba shi kusan bolt 0.6, don haka idan kowane rukuni yana mutuwa gaba ɗaya kafin ɗayan ya farka, sai a sami ɗan gurɓata a tsakiya, daidai inda sauti mai laushi yake zaune.

Hanya biyu ake bi a magance wannan. A ajin AB, irin na L-509X, ana barin 'yar wuta tana gudana a rukunan biyu ko da babu kiɗa, yadda miƙa aikin zai tafi sumul. A ajin A, irin na L-590AXII, ana barin wuta mai yawa tana gudana kullum, babu tiransiston da ke hutawa, don haka babu miƙa aiki sam. Kamar mota ce da aka bar injinta yana gurnani ko tana tsaye. A lissafi, ajin A mai turi da ja ba ya iya mayar da fiye da rabin wutar da ya ci zuwa sauti, ajin B kuwa yana iya kaiwa kashi 78.5 cikin ɗari. Sauran duk zafi yake zama.

Abu biyu ya kamata a sani a nan. Na farko, wat 30 ɗin nan iyakar ajin A ce, ba lallai iyakar na'urar ba. Irin wannan amfilifaya idan aka matsa masa yakan zarce, sai dai ya koma aiki kamar ajin AB. Na biyu, shi ma ajin AB a ajin A yake aiki idan sautin yana ƙasa-ƙasa. Ka ga tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda tallace-tallace ke nunawa ba.

Zafin kuwa ba wasa ba ne. L-590AXII yana cin fiye da wat 200 ko ba ya kiɗa komai. Jikin mutum da ke zaune yana fitar da zafin kusan wat 100, don haka kunna shi kamar shigo da mutum biyu ne ɗakin. A lokacin sanyin Osaka wannan ba laifi. A ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, labarin daban ne, ga shi kuma zafi yana rage kwanan kayan cikin na'urar. Awa huɗu a rana na wata guda, yunit 24 ne aƙalla, kuma mai amfani da batir da inbata zai ji a jikinsa. Shi ma L-509X yana ɗumi, amma bai kai haka ba.

Wanne ya fi daɗi?

Masu sharhi sukan ce ajin A ya fi taushi da ɗumi, ajin AB ya fi kuzari. Mu dai muna karɓar irin wannan magana da taka-tsantsan. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon gwajin da David Clark ya shirya, inda aka daidaita ƙarar amfilifaya masu tsada da masu araha, aka hana masu sauraro sanin wanne ke kiɗa. Gaba ɗaya dai ba su iya bambancewa fiye da wanda ke canki-canki ba. An yi ta musu kan yadda aka tsara gwajin, kuma ba ya nufin duk amfilifaya ɗaya ne. Na kwalba, alal misali, yakan sauya launin sauti ta hanyar da ake iya aunawa. Amma tsakanin na'urori biyu masu tiransisto, daga kamfani ɗaya, waɗanda gurɓatarsu ta yi ƙasa ƙwarai, bambancin da ya rage ƙarami ne matuƙar ba a kai su maƙura ba.

Abin da ya fi yaudarar mai saye shi ne ƙara. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin kakkauran sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Ƙara desibel ɗaya kawai, sai kiɗan ya zama kamar ya fi cika, kuma ba za ka ce ya fi ƙara ba, cewa za ka yi ya fi kyau. Don haka idan ka samu damar gwada su, ka tafi da mitar auna wuta irin ta masu gyaran rediyo. Ka kunna sauti tsayayye, ka auna bolt a bakin wayar lasifika, ka daidaita su biyun. Sannan wani ya riƙa sauyawa ba tare da ka gani ba. Ka yi da lasifikarka, da waƙoƙin da ka sani, a ɗakinka idan mai shago ya yarda, domin ɗaki da wurin da aka ajiye lasifika suna sauya sauti da desibel masu yawa, abin da amfilifaya ba ya yi.

A ganinmu, mai lasifika da ta haura desibel 90, ɗaki madaidaici mai sanyi da wuta tsayayya, L-590AXII zai ishe shi har ya yi saura. Wanda bai san lasifikar da zai saya nan gaba ba, ko falonsa babba ne, ko garinsu da zafi, L-509X ya fi masa. Duka biyun suna karɓar garmaho kai tsaye, kuma babu wanda ke da sashen karanta sautin dijital a ciki, sai an sayi wannan daban.

Tunda L-509Z ya gaji L-509X, yanzu an fi samun waɗannan a kasuwar na-hannu, kuma masu araha galibi daga Japan suke fitowa. Wutar gidajen Japan bolt 100 ce, ta Najeriya da Nijar da Ghana kuwa 220 zuwa 230. Ka nemi hoton bayan na'urar ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda ake jona waya. Idan 100 ne, sai da taransfoma mai rage wuta zuwa 100 daidai, ba irin na kayan Amurka mai ba da 110 ko 120 ba, kuma ƙarfinsa ya ninka abin da na'urar ke ci.