Ertugurul a Gella: A Kalla, Amma Ina Namu?

Tun da cibiyar fatawa ta Darul Ifta ta Masar ta yi gargaɗi a 2020 cewa finafinan tarihin Turkiyya farfaganda ce ta farfaɗo da Daular Usmaniyya, gardamar ba ta mutu ba a wurinmu. A Gella, hedikwatar Mubi ta Kudu, wani zai rantse maka shirin Ertugurul tarihin Musulunci ne tsantsa, wani ya ce yaudara ce zalla. Dukansu sun kauce hanya.

Tashar TRT ce ta nuna shirin daga 2014 zuwa 2019, kashi 150. Abin da masana suka tabbatar game da Ertugurul kuwa bai cika shafi ba: shi ya haifi Usman wanda ya kafa daular, ya rasu wajen 1280. Akasarin saura marubucin shirin, Mehmet Bozdag, ne ya cike da alƙalaminsa, har da haɗuwar jarumin da malamin Sufanci Ibn Arabi.

Kurakurai kam jingim. Mutum ɗaya ya kashe runduna ko hularsa ba ta faɗi ba. A kama shi yau, ya kuɓuce gobe, jibi a sake kama shi. Munafuki na raɗa a bayan tanti, kowa ya gane shi ban da mai tantin. Jini kamar zoɓo. Duk da haka matashi zai kai memorinsa wurin mai tura finafinai a cika masa, ya kwana yana kallo, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ga Musulmi mai amana da jarumta, an girmama shi a majigi.

Takaicina daban ne. Wa ya gaya wa wannan matashi cewa Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu Istanbul wurin Sarki Murad na 3 a shekarun 1570, kuma yana da Turkawa 'yan bindiga a rundunarsa? Limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙensa, har waɗanda aka gwabza a ƙasar Margi da Mandara, nan maƙwabtanmu. Ga Modibbo Adama da tutar da ya karɓo daga Shehu Usmanu a 1809. Ga kundin Hamman Yaji na Madagali, mai ɗaci, cike da labarin kamen bayi. Ga mutanen Gude da abin da suka gani a kan duwatsunsu. Ga ƙuri'ar 1961 da ta shigar da Mubi cikin Najeriya.

Turkawa da tashar gwamnatinsu suka yi nasu. Gwamnatin Adamawa, Jami'ar Jiha da ke Mubi da 'yan Kannywood, me kuke jira? Ku yi mana fim ɗin ko da kurakurai, za mu kalla.