Satar Motoci a Lardunan Kanada: Abin da Ya Bambanta Gabas da Yamma

A cikin laifuffukan da 'yan sanda ke ƙididdigewa, kaɗan ne ake iya amincewa da lissafinsu kamar satar mota. Wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa yakan haƙura ya koma gida, amma wanda aka ɗauke wa mota tilas ya kai rahoto, domin kamfanin inshora ba zai biya shi ba sai ya ga takardar 'yan sanda. Saboda haka idan ƙididdiga ta nuna wani yanki ya fi wani yawan wannan sata, to bambancin na gaske ne, kuma ya cancanci a nemi dalilinsa. Ƙasar Kanada, mai larduna goma, misali ce mai kyau ga wannan nazari. A shekarar 1996 an sace motoci kimanin 180,000 a ƙasar. Adadin ya yi ta raguwa shekara da shekaru, sa'an nan ya sake tashi, har ya zarce 105,000 a shekarar 2022, watau kimanin mota ɗaya a kowane minti biyar.

Mai karanta jaridun wannan lokaci zai ɗauka cewa masifar ta lardunan Ontariyo da Kwibek ce, waɗanda ke gabas, domin a nan ne ƙaruwar ta fi tsanani: a 2022 kaɗai satar ta ƙaru da kusan rabi a kowanensu. Amma fa nan ne jama'a suka fi yawa, a 2022 Ontariyo ita kaɗai tana da mutum wajen miliyan 15. Idan aka raba yawan motocin da aka sace bisa yawan jama'a, sai a ga lardunan filayen yamma, watau Albata da Saskacewan da Manitoba, sun daɗe suna gaban Ontariyo. Lardunan bakin tekun Atlantika kuwa, masu ƙananan garuruwa, su ne a ƙasa. Wannan shi ne tarko na farko da ma'aikacin gwamnati yakan faɗa a ciki: ya dubi jimla, ya manta da yawan mutanen da jimlar ta fito daga cikinsu.

Akwai wata ƙididdiga ta biyu wadda ta fi wannan bayyana gaskiya, ita ce ta motocin da ake samowa bayan an sace. A yamma ana samo kimanin uku cikin huɗu. A Ontariyo da Kwibek kuwa, a shekarun 2022 da 2023, ko rabi ba a samo ba. Motar da aka tsinta bayan kwana biyu an yar da ita a bayan gari, man ya ƙare, ba don kuɗinta aka sace ta ba. Wadda ta ɓace ɓat kuwa, akwai wanda ke jiranta tun kafin a taɓa ta. Ashe ke nan sana'a biyu ce doka ta haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma kowace tana da nata yanki da nata dalilai.

Birnin Winnipeg, hedkwatar Manitoba, shi ne ya fi nuna irin ta yamma. A tsakiyar shekarun 2000 ana lissafa shi a sahun gaba na biranen Amurka ta Arewa wajen satar mota. Da aka bincika, sai aka tarar yawancin ɓarayin samari ne 'yan ƙasa da shekara 18 daga unguwannin talakawa, kuma wata 'yar ƙaramar ƙungiya daga cikinsu ce ke maimaita laifin. Tsofaffin motoci suke nema, waɗanda ake iya tayarwa da sukudireba, su yi yawo da su, su jefar. A 2005 'yan sanda da ma'aikatan kula da masu laifi da kamfanin inshora na lardin suka haɗa kai. Aka riƙa bibiyar waɗannan samari gida-gida ana tabbatar da suna inda kotu ta ce su zauna, aka kuma sanya wa tsofaffin motocin da aka fi sacewa wata na'ura mai hana inji tashi sai da makullinsa na asali. Da farko da son rai ake sanyawa, daga baya aka tilasta. Cikin 'yan shekaru satar ta faɗi da fiye da rabi. Abin lura a nan shi ne cewa inshorar mota a Manitoba a hannun kamfanin gwamnati take, saboda haka mai biyan asarar shi ne kuma mai ikon gindaya sharaɗi, abin da da wuya ya yiwu inda kamfanoni barkatai ke gasa da juna.

Yanayi ma yana da nasa hannu. A filayen yamma sanyin hunturu yakan kai awo 30 ƙasa da sifiri, mutum ya tayar da motarsa da safe ya koma ɗaki kafin ta yi ɗumi, makulli na ciki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Har ila yau yanki ne na gonaki da rijiyoyin mai, inda manyan a-kori-kura suka yi yawa, ofishin 'yan sanda kuma da nisa. Sau da yawa ana satar motar ne don a yi wata sata da ita.

Daga watan Satumba na 2007 dokar Kanada ta wajabta wannan na'ura a kan kowace sabuwar mota. Amfanin dokar ya fito fili a 2021, lokacin da samarin birnin Milwaukee na Amurka suka gano cewa wasu motocin Kia da Hyundai da aka sayar a ƙasarsu ba su da ita, satar ta bazu zuwa birane da yawa ta hanyar bidiyon intanet. Ire-iren waɗannan motoci da aka sayar a Kanada ba su faɗa cikin wannan hali ba.

To, amma na'urar da ta gagari yaro mai sukudireba ba ta gagari ƙwararre ba, kuma ƙwararrun a gabas suke. Su sababbin motoci suke nema masu tsada, irin su Honda CR-V da Lexus RX da Toyota Highlander. Wasu sukan janyo siginar makullin mota daga cikin gidan mai ita da wata na'ura, motar ta buɗe kamar mai ita ne ya zo; wasu kuma sukan jona kwamfuta a jikin motar su ƙirƙiri sabon makulli. Yaran da ake turawa su ɗauko motar ladansu kaɗan ne, babbar riba tana wajen masu fitar da ita. Daga Toronto zuwa Montiriyal tafiyar kilomita 540 ce a kan babbar hanya, ga kuma jirgin ƙasa mai ɗaukar kwantena. Montiriyal tashar jiragen ruwa ce mai fuskantar Atlantika, kuma ma'aikatan kwastan na ko'ina sun fi sa ido a kan abin da ke shigowa bisa ga abin da ke fita, tun da a kan mai shigowa ake karɓar haraji. Motar da aka sace da dare tana iya kasancewa cikin kwantena a rufe kafin mai ita ya gama rubuta rahoto. Tsakanin ƙarshen 2023 da farkon 2024, da 'yan sanda da kwastan suka buɗe kwantenoni 390 a wannan tasha, sun sami motocin sata 598, uku cikin huɗu daga Ontariyo.

A nan ne zancen ya iso Afirka ta Yamma, wadda ke cikin manyan wuraren da motocin ke sauka, tare da Gabas ta Tsakiya. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana ta bi baya a 1974, saboda haka motar Kanada mai sitiyari a hagu tana hawa titin Legas ko Akara ba tare da an sauya mata komai ba. Kasuwar motocin tokumbo babba ce, kayan gyaran Toyota da Honda kuma suna ko'ina, motar sata guda ɗaya ba ta da wuyar ɓacewa cikin dubban na halal. Bai kamata a ɗora laifin duka a kan mai saye ba, domin an ga motoci a wasu biranen har da lambar Ontariyo a jikinsu, abin da ke nuna cewa babu wanda ya tsaya ya duba su a tashar da suka fito.

Asarar da kamfanonin inshora suka biya ta kai dalar Kanada miliyan 1,500 a 2023, kuma a watan Fabrairu na 2024 gwamnatin tarayya ta kira taron ƙasa a Ottawa kan wannan batu. Aka ƙara bincike a tashoshin ruwa, aka haɗa bayanan 'yan sandan ƙasar da na Interpol. A wannan shekara satar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma raguwar ta fi yawa a Kwibek, inda tashar take.

Haɗa bayanan nan ya shafi mai sayen mota a Kano ko Kumasi kai tsaye, domin lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, yanzu tana iya tona asalin mota a duk inda aka duba ta. A Disamba 2022 hukumar yaƙi da laifuffukan tattalin arziki ta Gana ta kwashe motoci 37 daga wuraren dillalai a Akara, bisa zargin an sato su daga Amurka da Kanada. A Satumba 2024 hukumar EFCC ta Nijeriya ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da ta ƙwato a sassan ƙasar.