Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki a Minanata

Kafin a kira sallar asuba a unguwar Minanata da ke Sakkwato, akwai gidajen da hayaƙi ya riga ya tashi. Gidajen masu abincin sayarwa ne, matan da rabin unguwa ke ci daga hannunsu: 'yan kabu-kabu, magina, gwauraye 'yan haya, da ɗaliban da suka zo karatu daga Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa. Da safe masa da koko, da rana shinkafa da wake, da dare tuwo da miyar sure ko ta kuka. Ba a cika kiran irin wannan mata da sunanta na yanka ba. Inna ce, ko Hajiya, ko Gwaggo. Ita ake ɗauka ranar biki da suna da walimar sauka, domin ta san mudu nawa zai ƙosar da mutum ɗari ba sai ta tsaya lissafi ba. Ita ce kuma mai ajiye wa almajirai ƙanzo da sauran miya.

Ranar da irin wannan mata ta rasu, unguwa takan yi abin da ya kamata, ta kuma yi shi da kyau. Kafin rana ta yi zafi an yi wanka, an sa likkafani, an sallace ta, an kai ta makwancinta. Maza su zauna kan tabarmi a ƙofar gida, mata su cika tsakar gida. "Ya haƙuri?" "Haƙuri da godiya." "Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta." Sai kwanuka su fara shigowa daga maƙwabta, wannan da tuwo, waccan da fura. Al'adar tana da tushe: lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya ɗauke musu hankali daga girki. A gidan mai abinci, ganin waɗannan kwanuka yakan sa mutum ƙwalla, don daga gidajen da ta shekara da shekaru tana ciyarwa suke fitowa.

Amma zaman makoki kwana uku ne, wasu su kai bakwai. Daga nan baƙi su watse, a naɗe tabarmi, a mayar wa masallaci butocinsa. A nan nake ganin muna da rauni, musamman idan cutar da ta ɗauke ta irin wadda ba a saba gani ba ce.

Irin wannan jinya tana da doguwar hanya. Takan fara ne daga kemis, a sha maganin zazzaɓin cizon sauro, a sha na taifot, jiki ya ƙi. A je Asibitin Ƙwararru, a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a yi gwajin jini, a ɗauki hoto, a sake. Wasu a tura su Kano ko Shika, wasu su bi ta Illela su tsallaka Galmi a Nijar. Tsakanin wannan da wancan ga rubutu, ga tofi, ga sassaƙe. Masana sun ƙidaya cututtukan da ba kasafai ake gani ba sama da iri 6,000, masu fama da su a duniya kuma kimanin miliyan 300. Kowace ɗaya mutanenta kaɗan ne, shi ya sa likita zai iya gama aikinsa bai taɓa cin karo da wata ba, gwajin da zai tabbatar da ita kuma sai an aika da jini wani gari mai nisa. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun mara lafiya yake fitowa, kowa ya san inda za a dosa. Jari ne ke fara tafiya. Sai kwasar adashe, sai akuya, sai 'yan kunne, sai firij. Daga ƙarshe a shiga bashi: na mai shinkafa, na mai itace, na mahauci a Kasuwar Daji, na mai albasa a Ramin Kura. Duk sun ba da kaya ne saboda fuskarta.

Akwai kuma abin da ya fi bashi ciwo. Cutar da aka kasa sa wa suna, baki kan sa mata. "Jifa ce." "Ai kasuwarta ce ta tsone wa wasu ido." Kafin a ankara an ɗora wa kishiya, ko mai tuwon da ke layi na gaba. Ana faɗin wannan a tsakar gida, 'ya'yanta na zaune suna ji, su girma da ƙullin wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Duk wanda ya zo gaisuwa ya kama bakinsa daga wannan zance ya riga ya taimaki marayun, ko da sisi bai kawo ba.

A wurin jana'iza liman yakan yi cikiya: wanda ke bin mamaciya bashi, ko wanda take bi, ya sami iyalinta. Masu binta sukan zo, wasu ma su yafe, Allah ya saka musu. Waɗanda take bi su ne ba a cika gani ba, alhali sun fi yawa. Mai abinci ba ta cika rubutu ba, a ka take riƙe lissafinta. "Inna, zuba mini, sai ƙarshen wata." "Ɗauki, ɗana, Allah shi hore." Yanzu babu shaida sai Allah da wanda ya ci. Da kowane mai kabu-kabu da kowane magini zai kawo kuɗin kwanon da ya san yana kansa, da yawancin gidajen nan sun sami abin sake ɗora tukunya.

Ɗora tukunyar kuwa shi ne maganar. Ba 'ya'yanta kaɗai ke ci a rumfar ba. Akwai mai wanke-wanke, akwai mai kawo ruwa a kura, akwai dattijuwar da ke tsince shinkafa a biya ta da yamma. Sau da yawa babbar 'yarta ko matar da ta daɗe tana taya ta ita ke karɓar muciya. Makonnin farko miyar ba za ta yi kamar ta Inna ba, kowa ya sani. Lokacin ne masu saye ke sulalewa, lokacin ne kuma ya kamata su tsaya. Matan da suka san hannun marigayiya su leƙa, su nuna yawan daddawa da lokacin sa kanwa. Mai biki ya ba su aikin ko da rabi ne. Sai dai ina roƙon dangi abu ɗaya: kada a cire yarinya 'yar aji biyu na sakandare daga makaranta a ce ta gaji murhu. A nemo babba ta riƙe, yarinyar ta taya bayan an tashi.

Wajen rabon gado ma ana bukatar dattijo mai hangen nesa. Shari'a ta tsara: hidimar jana'iza, sai biyan bashi, sai wasiyya, sannan magada. Manyan tukwane da kuloli da bencina duk dukiya ce ta magada, amma in aka rarraba su ɗaya-ɗaya an kashe sana'ar. Ana iya yi musu kuɗi, kowa ya san haƙƙinsa, manya su yarda a bar su wuri guda, rabon ƙananan yara kuma waliyyinsu ya kiyaye. Idan kuma mamacin namiji ne, kuku ko mai shayi ko mai tsire, matarsa za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, kuma a watannin nan ne ta fi bukatar wanda zai riƙa leƙowa da cefane.

Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda ke tallafa wa marayu da marasa lafiya, waɗanda bashi ya yi wa katutu kuma suna cikin rukuni takwas da zakka ta halatta gare su. Amma wanda ke cikin jimami ba ya iya zirga-zirgar ofis. Sai mai unguwa ko liman ko wani maƙwabci mai ido da takarda ya ɗauki maganar ya kai, ya kuma koma ya bibiya.

Shi wannan maƙwabcin ya kamata ya tattara takardun asibiti kafin a share ɗaki a zubar da su: sakamakon gwaji, hotuna, katin ganin likita. Mafi yawan irin waɗannan cututtuka ta jini ake gadonsu, mu kuma masu yawan auren zumunci ne. Idan wata rana ɗanta ko ƙanwarta ta fara irin wannan ciwo, takardun nan za su rage wa likita lalube, su rage wa gidan kuɗin gwajin da aka riga aka biya.