Ɗan sa kai a gidan kallo

A birnin Yamai akwai gidan kallo na ƙasa, wanda aka buɗe a shekarar 1959. A cikinsa ana ajiye namun daji, kamar su zaki, kura, kada, dorina da jimina.

A irin wannan wuri, wasu mutane sukan yi aiki ba don albashi ba. Ana ce musu ƴan sa kai. Ɗan sa kai yakan tarbi ƴan lakwal, ya zagaya da su, ya amsa tambayoyinsu. In yaro ya ga jan ruwa a jikin dorina ya ce jini ne, sai ya bayyana masa cewa maiƙo ne mai kare fatarta daga zafin rana.

Amma babban aikinsa shi ne lura. Naman daji yana ɓoye ciwonsa, domin a dawa mai rauni ake fara kamawa. Saboda haka ɗan sa kai yana duba abincin da dabba ta rage, da kashinta, da tafiyarta. In biri ya koma gefe shi kaɗai, ba ya ba shi magani da kansa. Likitan dabbobi yake gaya wa nan da nan.

Yana kuma hana masu kallo jefa leda. Jimina takan haɗiye abin da ta tsinta, leda kuwa tana iya toshe mata hanji har ta mutu.